Saye, Haya Ko Aro? Tarihin Mallakar Littafi, Faifai Da Kaset A Ƙasar Kano

Gabatarwa

Idan mutum ya shiga kasuwa ya taya akuya, mai ita ya ce ya sallama, aka ƙirga kuɗi aka miƙa igiya, to magana ta ƙare. In ya ga dama ya yanka, in ya ga dama ya kiwata, in ya so ya sayar, in ya mutu kuma magada su raba. Wannan shi ne abin da Bahaushe ya sani da saye. To amma idan abin da aka saya littafi ne, ko faifan waƙa, ko kaset ɗin wasan kwaikwayo, sai a tarar akwai wani mutum na uku da ba ya wurin cinikin, alhali kuwa yana da haƙƙi a cikin kayan, wato wanda ya rubuta ko ya rera. A yau ma abin ya wuce nan, domin mutum kan biya kuɗin littafi ko waƙa ta wayarsa, a rubuta masa cewa ya saya, amma ba shi da ikon ba da aro, ba shi da ikon sayarwa, wata rana ma ya wayi gari ya ga abin ya ɓace.

Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan al'amari a ƙasar Kano, daga zamanin kwafar littafi da hannu zuwa zamanin manhaja, domin 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, su san abin da suke sayarwa da abin da suke saye.

Darasi Daga Gonakin Ungogo

Kafin mu shiga batun littafi, yana da kyau mu leƙa gona, domin a nan ne Bahaushe ya fi tantance bambancin mallaka da amfani. Ƙasar Ungogo, wadda ke arewa da birnin Kano, tana cikin yankin da jama'a suka yi yawa, gonaki suka matsu, har ya zama ba a barin gona ta huta, sai dai a yi ta ciyar da ita da taki. Shekara da shekaru jakuna na kai itace cikin birni, su komo da taki. Wannan ne ya ja hankalin masana, har Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi nazarin gundumar, aka buga shi a 1965.

A inda ƙasa ta yi ƙaranci, dole kalmomin riƙe ta su yi yawa. Akwai gonar gado, akwai ta saye, akwai ta kyauta. Waɗannan uku mai su yana da cikakken iko a kansu bisa al'ada. Sannan akwai gonar aro, da ta haya, da ta jingina. Mai aro yana shuka gero da dawa da wake ya girbe abinsa, amma ba ya sayar da gonar, ba ya gina gida a cikinta, ba a kuma so ya dasa itace, domin dashen itace alama ce ta mai gona. Wanda aka jinginar wa gona yana nomanta har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa, ko da shekara goma ce, amma ranar da kuɗi suka dawo, gona ta koma. Wani abin lura kuma shi ne itatuwa masu amfani, irin su ɗorawa da kuka, kan zama na wani daban da mai noman gonar. Kana huɗa a gindin ɗorawa, amma kalwarta ta wani ce.

Hukuma ma ta shigo da nata tsarin. Dokar ƙasa ta Turawa ta 1910 ta sanya filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, Dokar Jihar Arewa ta 1962 ta bi sawunta, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamnanta. A idon wannan doka, abin da manomi yake da shi izinin zama da amfani ne, wanda ake iya janyewa don amfanin jama'a a biya shi diyya. Mutanen Rijiyar Zaki da Bachirawa, waɗanda birni ya cinye gonakinsu, sun san wannan ba da labari ba.

Mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa biyu: gona daban, ɗorawar cikinta daban, sannan ba duk wanda ke noma ne mai gona ba. Takardar littafi ita ce gonar, labarin da ke cikinta shi ne ɗorawar.

Zamanin Alƙalami Da Tawada

Kafin zuwan injin ɗab'i, wanda ke son littafi sai ya aro wurin mai shi ya kwafa da hannunsa, ko ya biya wani mai kyan rubutu ya kwafa masa. Takarda na da tsada, domin daga ƙasashen Turai ake kawo ta ta Sahara. Abin da mutum ke biya kuɗin takarda ne da tawada da wahalar magwafi. Mawallafi ba ya samun ko wuri ɗaya daga kwafin, ba ya kuma tsammani, ladansa addu'ar masu karatu. Sau da yawa magwafi kan rubuta sunansa da na mai littafin a shafin ƙarshe, littafin kuma ya shiga cikin dukiyar da ake gado.

Duk da haka akwai iyaka. Mallakar kwafi ba ta ba mutum ikon karantar da littafin, sai ya zauna gaban malami ya sauke, malamin ya ba shi ijaza, wato izini, mai ɗauke da salsalar malaman da suka karɓo littafin har zuwa mawallafinsa. Haka nan akwai littattafan wakafi, waɗanda kowa ke iya karantawa, amma ba mai ikon sayarwa ko gadonsu.

Malaman fiƙihun Malikiyya ma sun yi wa wannan fanni filla-filla. Shihabuddin Alƙarafi, malamin Masar da ya rasu a 1285, ya bambanta a littafinsa Alfuruƙ tsakanin wanda ya mallaki amfanin abu da wanda aka ba izinin amfana da shi kawai. Na farko kamar mai hayar gida ne, yana iya zama da kansa, yana iya saukar da wani. Na biyu kamar ɗalibin da aka ba ɗaki a makarantar wakafi, shi kaɗai zai zauna, ba shi da ikon ba wani haya. Nan gaba za mu ga cewa mai sayen littafi ta manhaja a yau ɗan'uwan wannan ɗalibi ne, sai dai shi ya biya kuɗi.

Zuwan Ɗab'i Da Dokar Haƙƙin Mallaka

Injin ɗab'i ne ya sa kwafi ya zama haja, domin abin da magwafi zai yi wata uku yana rubutawa, inji zai fitar da dubunsa cikin kwanaki. Daga nan ne tambaya ta taso: wa ke da ikon yawaita kwafi? Ingila ta amsa da dokarta ta 1710, wadda ta ba marubuci wannan iko na wasu shekaru. Ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Berne a 1886 don kare marubutan juna. Dokar Ingila ta 1911 ita ce aka shimfiɗo mana a 1912, muka zauna a kanta har 1970 da Nijeriya ta yi tata.

Sai dai tun a wancan lokaci an gane cewa ikon mai littafi yana da iyaka. A Amurka wani kamfanin ɗab'i, Bobbs-Merrill, ya buga sanarwa a cikin wani littafinsa cewa ba a yarda kowa ya sayar da shi ƙasa da dala ɗaya ba. Kantin Macy's ya sayar a kan santi 89. Aka je har Kotun Ƙoli, a 1908 ta yanke cewa da zarar an sayar da kwafi sau ɗaya, ikon mai littafi a kan wannan kwafin ya ƙare. Wannan ƙa'ida ce ginshiƙin haƙƙin mai saye: ba zai yawaita kwafi ba, amma wanda ke hannunsa nasa ne, ya ba da kyauta, ya ba aboki aro, ya kai gwanjo.

A nan gida, rubutun zube na boko ya samo tushe ne a hannun hukuma. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East, ita ta shirya gasar 1933 da ta haifar da su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayanta Kamfanin Gaskiya ya zo a 1945, sai NORLA a shekarun 1950, sai NNPC a 1966. A wannan zamani babban mai sayen littafi shi ne makaranta. Ɗalibi a raba masa littafi a farkon zango, a karɓe a ƙarshe. Saboda haka da yawa daga cikin waɗanda suka tashi da Magana Jari Ce a aro suka karanta shi.

Makaɗa, Faifai Da Kaset

Makaɗin fada ba ya sayar da waƙa. Yana yi wa ubangidansa, a ba shi doki ko riga ko gona, waƙar ta ci gaba da zama a bakinsa da na 'yan amshinsa. Wanda aka yi wa waƙa yana cewa waƙarsa ce, domin sunansa ke ciki, amma ba ya iya ɗaukarta ya tafi da ita gida. In yana son ji, sai ya kira makaɗi.

Na'ura ce ta raba murya da mai ita. Garmaho ya shigo, kamfanonin faifai irin su EMI suka riƙa ɗaukar makaɗanmu. A 1944 aka buɗe rediyon waya a Kano, wanda ake ja wa mutum waya har gida a rataya masa akwatin magana, yana biyan kuɗi lokaci-lokaci, in ya daina biya a yanke. Ashe biyan kuɗin sauraro na wata-wata ba baƙon abu ne a Kano ba. Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 shi ya kai muryoyin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos kowane ƙauye.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya cika ƙasar nan a shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai suka sa rikoda ta shiga gidan talaka. Shi kaset ya fi faifai da abu ɗaya: kowa na iya ɗauka a kansa. Sai shagunan ɗaukar kaset suka bazu, ka kawo fanko ko ka saya a wurin, ka faɗi waƙar da kake so a ɗaukar maka. Mai saye bai taɓa samun sarari irin na wannan lokaci ba. Kaset nasa ne, ya saurara a gona, ya ba maƙwabci aro, in zaren ya tsinke ya liƙe. Makaɗi kuwa sunansa ya yi nisa, gayyatar biki ta ƙaru, amma daga dubban kaset ɗin da ke yawo abin da ke isa hannunsa bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Koke-koken mawaƙa da marubuta da masu ɗab'i a faɗin ƙasa su suka kai ga Doka ta 47 ta 1988, wadda ta tsananta hukuncin satar fasaha, aka kuma ƙaddamar da hukumar kula da haƙƙin mallaka a 1989. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Berne a 1993.

Adabin Kasuwar Kano Da Shagunan Haya

Daga tsakiyar shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya tsauwala farashin takarda, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga ƙagaggun labarai. Matasa suka ɗauki rubutunsu suka kai ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. A haka Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito, da Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, aka kuma kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya.

Wannan zamani ya zo da matsaloli biyu da suka shafi batunmu. Ta farko ita ce haya. A unguwannin birni da garuruwan kewaye an sami masu ajiye littattafai a shago ko a cikin gida suna bayarwa haya kwana ɗaya ko biyu a kan kuɗi kaɗan. Yara su ne 'yan aike tsakanin shago da matan aure. Ba shakka haya ta raya karatu, domin macen da ba za ta iya sayen littafi na ɗaya da na biyu da na uku ba ta karanta su duka. To amma kwafi ɗaya da marubuci ya ci ribarsa sau ɗaya, mai shago na iya cin tasa har littafin ya yage. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne dokar 1988 ta sanya rarraba kwafi ga jama'a ta hanyar haya don kasuwanci cikin abubuwan da sai da izinin mai haƙƙi. Wato aron da ƙawa ke ba ƙawa halal ne, amma buɗe shagon haya yana bukatar yardar marubuci. Doka ta faɗa, sai dai babu tsarin karɓar kuɗin. Wasu ƙasashe sun magance makamanciyar wannan ta hanyar biyan marubuci wani abu saboda aron littafinsa a ɗakunan karatu, Denmark tun 1946, Birtaniya da dokarta ta 1979.

Matsala ta biyu ita ce sayar da rubutu ɗungurungum. Marubucin da ba shi da jari kan kai rubutunsa wurin ɗan kasuwa, a yi ciniki da baki, a ba shi kuɗi sau ɗaya. In littafi ya karɓu aka yi ta maimaita bugu, shi sai kallo. A nasa tunanin aron gona ya bayar na damina ɗaya, a tunanin ɗan kasuwa kuwa ya sayi gona har da ɗorawa.

Kwali: Dabarar Ƙofar Wambai

Da finafinan bidiyo suka fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sai 'yan fim suka sami kansu gaban 'yan kasuwar da suka riga suka ƙware wajen kwafar finafinan Indiya da na Amurka, waɗanda cibiyarsu ke kasuwar Ƙofar Wambai. Maimakon faɗa, sai aka ƙirƙiro wani tsari da masanin nan Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008. Mai fim zai miƙa wa 'yan kasuwa uwar kaset, ya buga kwalayen fim ɗin ya sayar masu. Su za su sayi fanko su kwafa, su sa kowane kaset cikin kwali. Kuɗin mai fim na cikin yawan kwalin da ya sayar.

Mai karatu ya duba hikimar da ke nan. Kwali shi ne takardar izini. Ɗan kasuwa bai sayi fim ba, ya sayi izinin yin kwafi daidai adadin kwalayen da ya biya. Mai kallo kuwa ya sayi kaset, nasa ne ƙashin kansa. Kowa ya san iyakarsa, ba tare da lauya ba. Raunin tsarin shi ne ya dogara ga amana: ana iya buga kwalin jabu, ana iya sayar da kaset tsirara, ga kuma shagunan hayar kaset da gidajen kallo da ke tara jama'a a kan kwafi ɗaya. Duk da haka a kansa masana'antar ta tsaya har ta kai zamanin Sangaya a 1999, kafin faifan CD da DVD su karɓe kasuwa.

Daga Memori Zuwa Manhaja

Wayar salula ta shigo a 2001, bayan wasu shekaru kuma aka sami masu ɗaukar memori. Sai ga masu tura waƙoƙi da finafinai a waya, kowanne da kwamfutarsa a bakin titi da kasuwannin ƙauye. Babu kaset, babu kwali, babu abin ƙirgawa. Cikin shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe. Masu fim suka koma ga tashoshi irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014, da YouTube, da manhajojin biyan kuɗi irin su Northflix. Mawaƙa suka koma Boomplay da Audiomack da Spotify, wanda ya iso Nijeriya a 2021. Marubuta, musamman mata, suka koma Wattpad da OkadaBooks da ArewaBooks da zaurukan WhatsApp na biyan kuɗi.

Don gudun abin da ya faru a zamanin kaset, yawancin kamfanonin manhaja kan kulle abin da suke sayarwa, ba ya buɗuwa sai a cikin manhajarsu. A cikin dogon sharaɗin da mutum ke danna wa amincewa ba tare da ya karanta ba, an rubuta cewa izinin karatu ko sauraro aka ba shi, shi kaɗai. Ga misalan abin da hakan ya haifar. A 2009 kamfanin Amazon ya goge littattafan George Orwell guda biyu daga na'urorin Kindle na mutanen da suka biya, bayan ya gano wanda ya ɗora su ba shi da haƙƙi, ya mayar masu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ya rufe kantin littattafansa, littattafan suka daina buɗuwa, shi ma ya mayar da kuɗi. A Amurka kotu ta hana kamfanin ReDigi kasuwar gwanjon waƙoƙin da aka sauke, a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2018. Kotun Tarayyar Turai ma a 2019 ta ce ba a gwanjon littafin na'ura sai da izinin mai haƙƙi. Dalilin alƙalan Amurka shi ne tura fayil yin sabon kwafi ne, ba miƙa tsoho ba. A nan gida kuwa, OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013, ya rufe a ƙarshen Nuwamba 2023, marubutan da suka dogara da shi suka shiga neman wata rumfa.

Ashe an gudu gara an faɗa gidan zago. Kullen bai hana masu satar fasaha ba, domin har yanzu ana kwafe labari a watsa a zauruka. Wanda ya ɗaure shi ne mai gaskiyar da ya biya. Ya rasa ikon ba da aro, da na sayarwa, da na barin gado. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta lura da wannan, ta yi doka a 2024, wadda ta fara aiki a farkon 2025, cewa kada mai sayar da irin waɗannan kaya ya yi amfani da kalmar saye sai ya bayyana wa mutum ƙarara cewa izini ne yake biya.

Ina Dokarmu Ta Tsaya?

Sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta maye gurbin ta 1988. Ta ba mai haƙƙi ikon neman a cire aikinsa da aka ɗora a intanet ba da izini ba, ta kuma haramta fasa kullen da aka sa wa aiki, in ban da wasu dalilai da ta keɓe. Haƙƙin rubutu da na waƙa yana nan har shekara 70 bayan shekarar rasuwar mai shi. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka ayyukansa na da kariya har ƙarshen 2051, ko a hannun wa haƙƙin yake; Shata ya rasu a 1999, waƙoƙinsa sai ƙarshen 2069. Fim da sautin da aka ɗauka kuwa shekara 50 ne.

Ta ɓangaren mai saye, akwai dokar gasa da kare masu saye da aka sa wa hannu a 2019. Ta ba shi haƙƙin a yi masa bayani da harshe mai sauƙin fahimta, ta hana talla mai ruɗi da sharuɗɗan zalunci. Wanda ya san wannan yana da ƙafar tsayawa in aka ce masa saye alhali haya ce.

Abin Da Ya Kamata Marubuci Ya Riƙe

Na farko, doka ta ce sallama haƙƙi gaba ɗaya, ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai, ba ya inganta sai a rubuce. Ana kuma iya iyakance izini da lokaci, da yanki, da irin amfanin da za a yi. Saboda haka marubuci ya rarraba: izinin bugu daban, na karantawa a rediyo ko YouTube daban, na mayarwa fim daban, na fassara daban. Ya rubuta bugu nawa, kwafi nawa, shekara nawa, da abin da zai faru in kamfani ya rufe. Haƙƙinsa na a ambaci sunansa a kan aikinsa kuwa ba ya sayuwa.

Na biyu, ya kira ciniki da sunansa ga mai karatunsa. In kuɗin karatu na wata ɗaya ne, ya ce haya ce. In ya ce saye ne, to ya ba da abin da mutum zai ajiye ya karanta ko babu data, ko manhaja ta mutu. Mai karatun da aka yi wa gaskiya shi ne yake dawowa.

Na uku, ya tuna da gobe. Littattafan shekarun 1990 sun tsira ne saboda suna cikin akwatunan masu karatu da shagunan haya, daga nan manazarta suka tattara su, har Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar da jerin sunayensu a 2004. Labarin da ke cikin manhaja kaɗai ba shi da irin wannan mafaka. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai ɗab'i ya ajiye kwafi uku na duk abin da ya buga. Ko 'yan kwafi kaɗan ne, marubuci ya buga a takarda, ya kai can, ya ajiye nasa.

Kammalawa

Idan muka dubi wannan tarihi za mu ga ma'auni bai taɓa daidaita ba. A zamanin kaset da shagon haya mai saye ya sami sarari, mai fasaha ya sha wuya. A zamanin manhaja an ɗaure mai saye da sunan kare mai fasaha, alhali kaso mai tsoka na tafiya ga mai rumfar da ke tsakani. Haya ba laifi ba ce, aro ma ba laifi ba ne, da su aka raya karatu a ƙasar nan. Laifin shi ne a karɓi kuɗin saye a ba da aro, ko a biya kuɗin aro a riƙe kamar saye. Manomin Ungogo ba ya yarda a shiga gona sai an faɗa gaban shaidu ko saye ne, ko haya, ko jingina, an kuma faɗi mai ɗorawa. Ya kamata mu ma mu riƙa yin haka, ko muna miƙa rubutunmu ga ɗan kasuwa, ko muna karɓar kuɗin mai karatu, domin zanen aro ba ya rufe katara. Allah Ya sa mu dace.